Jadawalin girkina ba ya wuce mako biyu: wane tsari ya dace da gidan ma'aikaciya?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamar firamare ce a Birnin Kebbi. Mu takwas ne a gida: ni da maigida, da mahaifiyarsa mai fama da hawan jini, da yara biyar, masu shekara 14, 12, 9 da 5, sai autan mai wata goma. Ina fita ƙarfe bakwai in dawo wajen biyu, yara kuma su wuce Islamiyya kafin La'asar. Na sha rubuta jadawalin girki in manna a kicin, amma ba ya wuce mako biyu. Muna da firij, sai dai wuta ba ta da tabbas. Maigida kullum da safe yake ba da kuɗin cefane. Wane tsari zan bi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya ƙara wa Hajiya lafiya, ya raya zuri'a.

Abin da ke rusa jadawalin bango a gidaje irin naki kusan guda ne. An rubuta "Talata: shinkafa da wake", amma ba a rubuta wa zai tsince waken ba, yaushe za a jiƙa shi, ko akwai mai da yaji a gida ranar. Talatar ta zo, kin dawo ƙarfe biyu a gajiye, wake na son awa guda a kan wuta, yara na da awa ɗaya da rabi kafin su fita, dole a koma taliya. Idan aka yi haka sau uku, an daina duba takardar ke nan. Don haka kafin ki zaɓi tsari, ki dubi abubuwa uku da ke juya kicin ɗinki: sanyin firij, yadda kuɗi ke shigowa, da lokutan da hannunki ke sake. A bayaninki, firij ba abin dogaro ba ne, kuɗi a gutsure suke zuwa, lokacin da kike da shi kuma bai wuce bayan Isha'i da safiyar Asabar ba. A kan waɗannan za a gina komai.

Mu fara da tsarin da ya fi yawo a intanet, wato a dafa abincin mako guda ranar Asabar a jera a firiza. Tsari ne mai kyau ga wadda ke da firiza mai aiki da hasken rana, ko wutar da ke daɗewa kullum. Gare ki yana da haɗari, ga dalili. Ƙwayoyin cuta na hayayyafa a dafaffen abinci matuƙar yana tsakanin digiri 5 da digiri 60 a ma'aunin zafi. Hukumar Lafiya ta Duniya na ba da shawarar kada dafaffen abinci ya wuce awa biyu a ajiye haka nan, kuma idan zafin gari ya haura digiri 32, masana na rage wa'adin zuwa awa ɗaya. Kin san yadda Birnin Kebbi take daga Maris zuwa Mayu, zafi na wuce digiri 40 da rana. Firij da aka ɗauke masa wuta yana riƙe sanyinsa kamar awa huɗu ne, shi ma in ba a buɗe shi ba. Firiza cikakkiya na iya kai kwana biyu, mai rabin kaya kwana ɗaya, kuma a zafin bazara ko hakan ba a cika samu ba. Miyar da ta narke ta sake daskarewa, ta sake narkewa, tana iya zama ba wari ba tsami amma ta sa yara gudawa.

Shinkafa ta fi kowa wannan matsalar. Akwai wata ƙwayar cuta da ke zama a jikin ɗanyar shinkafa, dahuwa ba ta kashe ta gaba ɗaya. Idan shinkafar ta huce ta daɗe a ajiye, sai ƙwayar ta farfaɗo ta zuba guba, gubar kuma ɗumamawa ba ya kashe ta. Shi ya sa za ki ga an ɗumama shinkafar jiya har tana tururi, amma bayan 'yan awanni yaro ya kama amai. Duk tsarin da za ki bi, shinkafa a dafa ta a cinye ta a zama guda, ko ta shiga firij mai sanyi da zarar ta sha iska, a cinye washegari.

Abin da ya fi dacewa da ke shi ne ki riƙa ajiye aikin da aka gama maimakon abincin da aka dafa. Yawancin lokacin da girkinmu ke ci, ba a kan wuta yake tafiya ba. Yana tafiya ne a tsintar wake, wankin shinkafar gida da rege ta, kai niƙa, jiran markaɗe, dakan daddawa, gyaran kifi, da aiken yaro shago sau uku. Duk waɗannan ana iya yin su ranar Asabar, kuma abin da aka samu busasshe ne, bai damu da wuta ba.

Na farko garin kayan miya. Ki samu daddawa gwangwanin madara biyu, busasshen tattasai gwangwani biyu, busasshiyar citta rabin gwangwani, masoro babban cokali biyu, kanumfari cokali ɗaya. Ki shanya su yini guda su bushe ƙayau, a daka ko a niƙa tare, ki zuba a kwalba mai murfi. Kada ki sa gishiri ko magi a ciki, don suna jan danshi garin ya dunƙule, kuma za ki kasa sarrafa gishirin miyar Hajiya. Busasshen kifi ma a daka shi daban, ƙashin a cire, kuma na mako ɗaya kacal, saboda mansa na saurin canza wari. Da wannan garin a hannu, miyar kuka ta mutum bakwai minti ashirin ce: ruwa kamar lita biyu, garin haɗin babban cokali uku, kifi, albasa, ɗan mai, a bar su su tafasa sosai har ƙamshin daddawa ya kwanta, sannan a rage wuta a barbaɗa kuka cokali biyar zuwa shida ana kaɗawa da maburgi. Gudaji na fitowa ne idan aka juye kukar gaba ɗaya ko aka zuba ta ruwa na tsalle. Busasshiyar kuɓewa ma haka take, sai dai ita ba a rufe tukunya bayan an kaɗa.

Na biyu garin ɗan wake, kuma shi ne zai fi ceton ki da rana. Wake rabi, alabo rabi, a niƙa tare, a tankaɗe, a zuba garin kuka babban cokali ɗaya ga kowane gwangwani biyu na gari. Kanwa ba a haɗa ta a garin, jiƙa ta ake yi ranar da za a yi, a tsiyaye ruwan saman. Kin shigo gida, kin ɗora ruwa a kan gas, kafin ya tafasa kin kwaɓa, kin jefa, minti goma sha biyar bayan ya taso ya dahu. Idan ɗan wake na narkewa a tukunya, ko kuka ta yi kaɗan, ko kwaɓin ya yi ruwa, ko an fara jefawa ruwa bai tafasa ba. Idan ya yi ɗaci ya yi duhu, kanwa ce ta yi yawa. A ci da mai da yaji, a yanka tumatir da albasa, in da hali a dafa ƙwai.

Na uku garin tuwo. A nan mutane da yawa ke asara, don suna niƙa na wata guda su cusa a bokiti. Gari na fitowa daga inji da zafi da ɗan danshi, musamman idan an wanke hatsin bayan surfe. Sai an baza shi a tabarma ko faranti ya huce ya bushe kafin a rufe, in ba haka ba ya dunƙule ya yi tsami. Garin gero shi ya fi saurin lalacewa saboda man da ke cikinsa, bayan kamar kwana goma ya fara ɗaci, don haka ki niƙa na mako guda. Na dawa da na surfaffiyar masara suna kai mako uku in sun bushe da kyau.

Sai wake da shinkafa. A tsince waken mako gaba ɗaya, a raba shi leda-leda ko roba-roba daidai girki ɗaya. Shinkafar gida ta Kebbi tana da daɗi da auki, amma wadda aka casa a ƙananan injuna takan zo da tsakuwa. A tsince ta a bushe ranar Asabar, kada a wanke sai za a dafa. Yajin ƙuli, da dakakken ƙuli na kwaɗon zogale ko rama, su ma a yi na mako biyu.

Jajjagen kayan miya shi kaɗai ne jiƙaƙƙen abin da za ki iya yi da ɗan yawa. Tumatir kashi huɗu, tattasai kashi biyu, albasa kashi biyu, tarugu gwargwadon bakin yara. A markaɗa, a tafasa ba murfi har ruwan ya ƙone ya koma kusan kashi ɗaya cikin uku, sannan a soya da mai har man ya taso sama. A raba shi a ƙananan robobi masu faɗi don ya yi saurin hucewa, kowace roba girki ɗaya. Ki daskarar da ledojin ruwa ko robobin ruwa ki cika gurbin da ya rage a ɗakin ƙanƙarar firij, su ne za su riƙe sanyi idan wuta ta tafi. Amma ki yi na kwana uku kawai, a yi ranar Asabar a sake ranar Talata da dare. Man da ke kwance a saman jajjage yana rage saurin lalacewa, sai dai bai maye gurbin sanyi ba. Makon da wuta ta ƙi zama sam, ki bar ɗanyen markaɗe ki koma busasshen tumatir da busasshen tattasai: a wanke su da ruwan ɗumi sau biyu saboda ƙasa, a jiƙa rabin awa, a markaɗa da albasa na girki ɗaya.

Yanzu batun awo, domin ba a tsara sayayya sai an san abin da gida ke ci. Ki ɗauki gwangwanin madara ɗaya ya zama ma'aunin gidanki, kada a canza shi. Babba na cin kusan gwangwani ɗaya na ɗanyar shinkafa a zama guda. Yaran nan biyu masu 14 da 12 a lissafa su a manya, masu 9 da 5 rabi-rabi. Ya zama shida, a ƙara ɗaya na baƙo ko almajiri, bakwai ke nan, wajen kilo ɗaya. Idan ana cin shinkafa sau huɗu a mako, gwangwani 28 ne, a wata kuma kilo 16 zuwa 18, ban da tuwon shinkafa. A garau-garau sai ki yi shinkafa huɗu, wake uku. Garin tuwo ya fi sauƙin nauyi, don haka babba na buƙatar gwangwani ɗaya da rabi zuwa biyu. Waɗannan mafari ne kawai. Ki auna sau uku, ki ga abin da ya rage a tukunya ko ƙarin da aka nema, ki gyara, ki rubuta adadin ƙarshe a jikin ƙofar kicin. Amfanin rubutawar shi ne babbar 'yarki za ta iya ɗora girki ba tare da ta kira ki a waya ba.

Maganar kuɗin cefane tana buƙatar zama da maigida cikin natsuwa, kuma ki je masa da takarda a hannu. Ki yi kwana 14 kina rubuta duk abin da aka saya da kuɗinsa, har gishirin naira hamsin. Sannan ki kasa su uku: abin da ke wata guda bai lalace ba, irin su hatsi, shinkafa, wake, mai, daddawa, taliya da gas, abin da ke mako guda, irin su albasa, tattasai, busasshen kifi, ƙwai da dankali, da abin da sai kullum ko bayan kwana biyu, irin su ganye, ɗanyen tumatir, nono da nama. Za ki ga mafi yawan kuɗin a kashi na farko suke tafiya, kuma su ne ake saye tsinta-tsinta a shagon unguwa da tsada. Abin da za ki nema a wurinsa shi ne a canza lokacin bayarwa, adadin na nan yadda yake. In mai albashi ne, kashi na farko a saya a babbar kasuwa da zarar albashi ya shigo, na biyu ranar Asabar, na uku ya ci gaba da bayarwa da safe. In ɗan kasuwa ne da samunsa ke zuwa kullum, sai a riƙa cire wani abu daga cefanen yau da kullum kamar zubin adashi, wannan makon a sayi wake, mako mai zuwa mai, na gaba shinkafa, har rumbun ya zagayo. Yallaɓai, idan wannan amsa ta iso gare ka: matar da ke fita ƙarfe bakwai ba ta da lokacin da za ta juya kuɗin da aka ba ta bakwai saura kwata su zama abincin rana. Cefanen jiya ne ke ciyar da gidan yau.

Lokacin saye ma yana da tasiri. Gero, dawa da wake sun fi araha da kaka, daga Oktoba zuwa Disamba. Tumatir da tattasai na yin araha a tsakiyar rani, wajen Janairu zuwa Maris, su yi tsada da damina, don haka da ranin ne ake yanka a shanya. Albasar Aliero na cika kasuwa bayan girbin rani, ta yi tsada a ƙarshen shekara. Albasa a baza ta a inuwa inda iska ke ratsawa, kada a bar ta a leda, kuma a riƙa cire wadda ta fara laushi. Wake a shanya shi sosai, a zuba a jarka mai tsabta wadda ba a taɓa sa fetur ko magani a ciki ba, a cika ta har wuya a toshe. Rashin iska ne ke kashe ƙwaron, saboda haka jarkoki ƙanana da yawa sun fi babba ɗaya da ake buɗewa kullum. Buhun nan mai leda biyu a ciki da ake kira PICS haka yake aiki. Kada ki yarda a zuba maganin ƙwari a waken da za a ci, kuma duk wake ko busasshen kifin da kika ji yana warin magani a kasuwa, ki bar shi komai arharsa. Gyaɗa da masara masu fumfuna ko baƙin tabo a tsince a zubar, domin gubar fumfuna na illata hanta, kuma wuta ba ta kashe ta.

Idan kayan nan sun zauna, sai a zo ga jadawalin kansa, kuma a yi shi sako-sako. Abincin rana daga Litinin zuwa Alhamis shi ne inda igiya ta fi tsinkewa, don haka ba abin da zai shiga wannan gurbin sai wanda ke dahuwa cikin rabin awa: ɗan wake, taliya da jajjage da kifi, dafa-duka, garau-garau da jiƙaƙƙen wake, faten dankali. Juma'a ana tashi da wuri, shinkafa da miya da nama na iya zama nan. Dambu, alale, waina, sinasir da duk mai cin lokaci a bar wa Asabar ko Lahadi. Da dare tuwo, miyar kuma kada a ɗaure ta da wata rana takamaimai. Ki rubuta miya biyar da gidan ke so, misali kuka, kuɓewa, taushe, zogale da gyaɗa, yakuwa, ki bar kasuwa da aljihu su zaɓi ta yau. Ki bar gurbi biyu a mako ba komai a rubuce, domin ba makon da zai wuce ba suna, ko gaisuwar rasuwa, ko baƙi daga ƙauye, ko yaro da zazzaɓi. Waɗannan ranakun su ake ajiye wa kayan gaggawa a wuri guda da ba a taɓawa: taliya leda uku, tumatirin leda, dakakken kifi, garin kwaki da ƙuli.

A ƙarƙashin kowane abinci ki rubuta aikin da ke gabansa da sunan mai yin sa. Wannan layin ya fi sunan abincin muhimmanci. Misali: Talata garau-garau, a jiƙa wake da asuba, aikin mai shekara 12. Waken da ya jiƙu na dahuwa a kusan rabin lokacin busasshe, kuma ba ya buƙatar kanwa mai yawa, wadda ke lalata wasu sinadaran bitamin B da ke cikinsa. Da bazara kada jiƙon ya wuce awa takwas, yana tsami. A zubar da ruwan jiƙon a ɗauraye kafin a ɗora. Mai shekara 9 na iya tsintar wake da gyaran zogale, mai 12 kai niƙa da markaɗe, mai 14 ɗora ruwa, yin talge da kaɗa miya. Mazan ciki ma a ba su nasu. Yawancin Islamiyyu na hutun Alhamis da Juma'a, don haka yammacin Alhamis akwai hannuwa a gida, sai a rage wa Asabar nauyi. A gidan da ake da abokiyar zama kuwa, jadawalin ya bi kwanakin girki maimakon kwana bakwai, kuma a yi yarjejeniya kan wa ke cika kwalbar da ta ƙare kafin ta miƙa girki.

Wataƙila za ki so ki dafa na rana da asuba ki zuba a kula. Yana yiwuwa, amma ki gwada kular tukuna. Ki cika ta da tafasasshen ruwa ƙarfe shida da rabi, ki rufe, ki buɗe ƙarfe biyu. Idan za ki iya tsoma yatsa ki bar shi a ciki, kular ba ta riƙe zafin da ake buƙata, kada ki dogara da ita tsawon wannan lokacin. Idan ta ci gwajin, a ɗauraye ta da ruwan zafi kafin a zuba abinci, a zuba shi yana tururi, a cika ta, kada a buɗe sai za a ci. Kula mai rabin abinci na saurin hucewa.

Karin kumallo kada ya wuce iri uku: koko ko kunu da ƙosai na saye, shayi da burodi da ƙwai, sai ɗumame. Gasarar koko na kwana biyu zuwa uku idan ana canza mata ruwa safe da yamma, ana kuma iya shanya ta ta zama gari. Ɗumame na tafiya daidai lokacin hunturu. Da bazara sai an yi hattara: a yi malmala ƙanana don su huce da wuri, a sa a firij in da wuta, da safe a ɗumama har tururi ya ratsa tsakiya, miya kuma ta tafasa sosai. Wanda ya yi yauƙi ko tsami a zubar. Tuwon shinkafa ya fi na dawa saurin juyawa. Kuma shayi na rage yadda jiki ke tsotsar sinadarin ƙarfe mai ƙara jini, don haka ranar ƙosai ko wake gara koko, a bi da lemu ko gwaiba in akwai.

Mutum biyu a gidanki ba za su bi tukunyar kowa yadda take ba. Hajiya na buƙatar a rage mata gishiri. Abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade wa babba bai kai giram 5 a yini ba, kusan ƙaramin cokali ɗaya, kuma dunƙulen magi kusan rabinsa gishiri ne. Hanya mafi sauƙi ita ce a gama miya da daddawa, kifi, albasa da citta, a ɗebi nata, sannan a ƙara wa sauran ɗan gishiri. In za a iya rage wa kowa a hankali ya fi, don harshe na sabawa cikin 'yan makonni. Wannan bai hana ta shan maganinta da zuwa awon jini ba.

Autan kuma, a wata goma yana buƙatar abinci sau uku zuwa huɗu a yini bayan nono, kuma shi ba a ba shi kwanannen abinci. Ki yi masa garin kunu: gero ko dawa awo shida, waken suya awo uku, gyaɗa awo ɗaya. Waken suya a jiƙa, a cire ɓawon, a shanya, a soya shi sama-sama har ya yi ƙamshi, don ɗanyensa na hana narkewar abinci. Geron da gyaɗar ma a soya su daban-daban, a niƙa tare, na mako biyu. A dama shi da kauri yadda ba zai zube daga cokali ba, a bar shi ya tafasa minti biyar zuwa goma. Kunu mai ruwa-ruwa na cika cikin yaro ba tare da ya ƙosar da jikinsa ba. Wanda ke riƙonsa da safe ya dama sabo, ko ki zuba a filas da zafinsa a sha kafin hantsi ya wuce. Da rana a murƙushe masa wake, kabewa, ƙwai ko kifin da aka cire wa ƙaya daga girkin gida kafin a sa yaji. Zuma sai ya cika shekara.

Nama ba dole ba ne kullum. Wake, awara, ƙuli, ƙwai, nono da bandar kifin Yauri duk suna gina jiki. Abin da aka fi mantawa a gidan da ake sauri shi ne ganye, alhali gwargwadon da ake so babba ya ci na ganyaye da 'ya'yan itace giram 400 ne a yini. Kwaɗon zogale ko rama sau biyu a mako, alayyahu a dafa-duka, kabewa a miya, za su cike giɓi mai yawa. Manja kuma kada a ƙona shi har ya yi hayaƙi ya koma fari, jan nan da ke tafiya shi ne sinadarin da jiki ke mayarwa bitamin A. Ranar da aka sayi nama babu wuta, a tafasa a soya ya bushe, a cinye cikin kwana biyu, romon kuma a yi miya da shi a ranar.

Wajen makamashi, gas na safe da rana, gawayi na tuwon dare da dogon girkin Asabar. Tukunyar nan mai matse tururi da ake kira firesha na dafa jiƙaƙƙen wake cikin kamar kwata awa, kuma tana rage shan gas. Kada a cika ta da wake fiye da rabi, don kumfarsa na toshe hancin, kada a buɗe sai tururin ya gama fita, kuma ba aikin yara ba ce. Kaskon gawayi kada ya shiga ɗakin da aka rufe lokacin sanyi, iskar da yake fitarwa ba ta da wari amma tana kisa.

Kada ki ɗauki duk wannan a Asabar ɗaya. Makon farko ki yi awo da rubutun cefane kawai. Na biyu ki haɗa garin kayan miya da na ɗan wake. Na uku a tsayar da maganar sayayyar wata, sannan ki rubuta jadawalin. Idan daga baya wani gurbi ya riƙa faɗuwa, ki duba dalilinsa shi kaɗai: in abincin ya fi ƙarfin lokacin, a mayar da shi Asabar, in kaya ne ke yankewa, a matsar da su daga sayen kullum zuwa na mako, in yara ne ba sa ci, a sauya shi da wani mai irin lokacinsa. Da azumi tsarin zai juya, aikin ya koma bayan La'asar, sai gasara, surfaffen waken ƙosai da garin kunun gyaɗa su zama su ake tanada. Da damina kuma busassun kayan na jan danshi, don haka ki rage yawan abin da kike niƙawa zuwa na mako ɗaya, ki ɗaga robobin daga ƙasa, duk ranar da rana ta fito a baza kuka, kuɓewa da kifi su sha awa biyu kafin a mayar a rufe.